Tela ba ta iya auna kanta

Ƙarfe uku da 'yan mintoci na daren 27 ga watan azumin 2024 na ɗora almakashi a kan leshin da ba nawa ba, na yanka shi da awon wata mata daban. Babu wuta a daren. Fitilar caji ce rataye a ƙusa, ita ma ta fara ja, ga zufa tana bin bayana kamar an sheƙa mini ruwa. Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu ya san ko tsakar dare bango bai gama amayar da zafin rana ba. Daga masallacin unguwa ina jiyo limamin tahajjud a lasifika. Bayin Allah na can suna neman daren Lailatul Ƙadri, ni ina durƙushe a ƙasa da alli a hannu.

Mai leshin ba ta zo na auna ta ba, ta WhatsApp ta turo awonta. Na ɗauki waya in duba. Ina buɗewa na tarar zauren 'yan ajinmu na sakandare ya kaure da cacar baki a kan wani bidiyo. Na ce bari in ga abin da ake wa wannan hayaniya. Daga shi na zarce wani, daga wani sai wani. Ko da na ɗago kai minti arba'in sun tafi. Gabana ya faɗi, na zagi kaina, na koma a gurguje na buɗe saƙon da na ɗauka nata ne, na kwafe lambobin a bayan kwalin zare. Ashe na wata ce mai irin sunanta. Hajiya mai leshi ƙirjinta 46, ni kuwa 38 na yanka. Sai da na fitar da gaba da baya, na zo kan hannu, sannan idona ya sauka a kan hoton da ke saman saƙon.

Duk tela ya san wannan. In ka yanka ya yi yawa ka rage, in ka ɗinka ba daidai ba ka farke, amma in ka yanka ya gaza, to sai dai innalillahi. Leshi kuma yadi biyar ne, ba shi da rarar da za a ɓoye ɓarna a ciki. Na zauna dirshan a kan siminti. Ban yi kuka ba. Hannu na dunƙule na riƙa dukan goshina ina cewa, “Banza. Shashasha. Ba ki da amfani.” A hankali nake faɗa don kada in ta da yara. Ashe ba ranar na fara ba, kuma ashe ba kullum suke barci ba in ina yi.

Ni tela ce a Mabera. Shekarata 34, 'ya'yana uku, shekara 11 ke nan ina ɗinki. Shagon nawa ɗakin da ke jikin zaurenmu ne, maigida ya fasa masa ƙofa ta waje. Ina da Butterfly na ƙafa wanda aka saka mini a kayan ɗaki, da keken wuta da na saya da kwasar adashi, da na wibin, sai yarinya ɗaya mai koyo. Maigidana harkar albasa yake yi, kuma a waɗannan watanni ne ake cire ta rani, don haka yakan kwana biyu uku tsakanin ƙauye da kasuwa ban sa shi a ido ba. Sahur ni ce, wankan yara ni ce, tsare mai kurar ruwa a ƙofar gida ni ce, daga la'asar kuma in rufe shago in shiga madafi: kunu, ƙosai, abin da za a kai gidan surukai kafin a sha ruwa. Tsakanin waɗannan ne ake ɗinkin.

A azumin 2024 ɗin nan ban mayar da kowa ba. Ina da dalilin da nake faɗa wa mutane, kuma gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ta haura naira 600, janareto ya zama abin da ake tayarwa da lissafi, zare da zif da shafi kowanne ya yi tsalle, kuɗin makaranta na jira bayan salla. Kowace leda aka shigo da ita kuɗi nake gani. Amma akwai dalilin da ba na faɗa: ban iya cewa a'a ba. 'Yar gwaggo ta zo, matar abokin maigida ta aiko, maƙwabciya ta leƙo ta katanga, “Don Allah ki taimaka, kala ɗaya ce tak.” Ni kuwa in ce, “Ba komai, ajiye, in sha Allahu za ki samu.” Allah Ya yafe mini, na mayar da in sha Allahu mayafin da nake lulluɓe alkawarin da zuciyata ta san da wuya ya cika.

Ranar Litinin 8 ga Afrilu azumi ya kai 29. Garin nan kowa ya kasa kunne ga fadar Sarkin Musulmi, yara na fatan a ga wata. In kana son ka ga masu addu'ar kada a gan shi, leƙa shagon tela. Da sanarwa ta fito cewa ba a gani ba, za a cika talatin, salla sai Laraba, yarinyata mai koyo har da guɗa. Mun samu yini guda kyauta. Bai fisshe mu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daren salla shagona cike da 'yan aike, wasu a kan benci, wasu a bakin ƙofa suna gyangyaɗi, wata mata ta zo da kanta ta zauna ta ce ba inda za ta sai da kayan 'ya'yanta. Asuba ta yi da kala 13 a cikin bakko ko yanka su ban yi ba. Na kashe waya.

A cikin goma sha ukun nan har da atamfar babbar 'yata. Da asubar salla na ciro rigarta ta bara, na farke kalmasar ƙasa na sake ta, don na saba barin rara a ciki in ina yi wa yaro ɗinki. Na goge da dutsen gawayi. Layin tsohuwar kalmasa bai ɓace ba, yana nan fari kamar an ja shi da alli. Ta saka, ta dubi ƙasan rigar, ta dube ni, ta ce, “Umma, ta yi.” Ta bi ƙawayenta idi. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi.

Hajiya mai leshi kuwa kwana biyu na yi ina ɓoye mata kafin in hau keke napep in tafi gidanta a Gawon Nama da ledar a hannu. Na shirya wa zagi. Ta buɗe, ta ɗaga gaban rigar, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Da kin ce mini aiki ya yi miki yawa, ai da na kai wani wuri.” Shi ke nan abin da ta faɗa. Naira 85,000 ta saye shi. Na biya ta kuɗinta kashi-kashi har sau uku, kwasar adashina ta shekarar kusan duk can ta tafi. Ba ta sake kawo mini ɗinki ba har yau. Mukan haɗu a biki mu gaisa da mutunci, kuma ban ga laifinta ba.

Bayan salla na ɗaura ɗamarar gyara halina, irin gyaran da na iya, wato da bulala. Na goge TikTok na yi rantsuwa. Na samu kwali na rubuta tsarin yini tun daga ƙarfe huɗu na asuba har sha biyun dare, babu ko gurbin shan ruwa, na manna a bangon shago. Kwana huɗu na yi a kai. Rana ta biyar ƙaramin ɗana ya tashi da zazzaɓi, tsari ya rushe tun kafin hantsi, da dare na ce tunda yau ta riga ta lalace bari in ɗan leƙa, na sake sauke abin da na goge, na kai ƙarfe biyu. Da safe na tashi da ciwon kai da sabon zagi. Haka na yi ta yi kusan wata biyu: rantsuwa, karyawa, zagi, sabuwar rantsuwa. Da ciwon kan ya ƙi tafiya na je aka auna ni, aka ce jinina ya ɗan hau. Ma'aikaciyar ta tambaye ni awa nawa nake barci, na ce huɗu. Ta ce babban mutum bakwai yake buƙata. Na yi dariya a raina, na ce wannan ba ta san ɗinki ba.

Wata ranar Asabar ina kan keke, 'yata ta biyu, mai shekara bakwai, tana kwance rub da ciki a tabarma tana aikin gida. Ta rubuta wani abu ba daidai ba, ta sa abin gogewa, ta dirza da ƙarfi, takarda ta yage. Sai na ga ta tashi zaune, ta dunƙule ɗan hannunta, ta fara dukan goshinta.

“Banza. Shashasha. Ba ki da amfani.”

Har yadda nake jan “shashasha” ɗin, haka ta ja shi. Ƙafata ta tsaya a kan keke. Na ce, “Ke, wa ya ce miki haka? A makaranta ne?” Har na fara shirya rigimar da zan je in yi. Ta ce, “Ba kowa, Umma. Ai haka kike cewa in kin ɓata ɗinki.”

Ban taɓa zagin yaran nan da irin waɗannan kalmomi ba, ina ma alfahari da hakan. Ashe ba sai na zage su ba. Ta koyi yadda ake yi in an yi kuskure kamar yadda ta koyi ɗaura zani, da kallo. Ranar ce na yi kukan da ban yi a daren leshi ba.

Kashegari na tafi Rijiyar Ɗorowa wurin matar da ta koya mini ɗinki. Gwaggo muke ce mata duk da ba mu haɗa jini ba. Ta haura sittin, ido ya yi rauni, ta bar keke, amma har gobe in ta shafa ɗinki da yatsa za ta gaya maka inda aka yi ha'inci. Na zayyana mata komai, na ƙare da cewa ni dai na lalace, waya ta cinye ni, na zama ragguwa. Ina jiran ta taya ni faɗa ko ta rarrashe ni. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce in aika a ɗauko littafin awona. Da aka kawo ta sa jikarta ta ƙirga duk abin da na karɓa na ɗinkin salla. Kala 74.

“Kala nawa kika ɗunkewa a yini?”

Na ce, “In na dage, uku.”

“Ban tambaye ki ranar da aljannunki sunka tashi ba. Ranar Allah nika nuhi, ga azumi, ga girki, ga ɗiya, ga rashin wuta.”

Na yi shiru. Na ce biyu. Na sake yin shiru, na ce wani lokaci ɗaya da rabi.

Ta ce wa jikar ta buga. Ɗaya da rabi sau talatin, 45. A cire daga 74, saura 29.

“To wanga saura, wa kinka aje ma shi? Ko da kin jefa wayar ga rijiya tun ɗaya ga wata, ba ki gamawa. Ke ba ragguwa ba ta. Ragguwa ba ta ɗunke kala sittin cikin azumi. Ƙarya kinka yi, kuma kanki kinka fara yi ma ita.”

Maganar ta yi mini zafi, amma wani irin zafi ne daban da wanda na saba ji. Zagin da nake wa kaina ba shi da ƙofar fita; in ni banza ce, to me ya rage? Wannan kuwa lissafi ne, ana iya gyara shi. Kafin in tafi ta zare tef daga wuyana, don har can na je da shi ban sani ba, ta ce in auna kafaɗata ta gani. Na kai hannu baya, tef ya karkace, na kasa ganin lambar. Ta yi dariya har da tari. Shekara 11 ina auna matan garin nan, na san ƙugun rabin Mabera da ka, amma ban taɓa zama na auna abin da yinina zai iya ɗauka ba.

Kada a ce na wanke waya. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya karɓe ta ya shiga wani wuri a cikin saitinta inda take ajiye lissafin kanta. Awa biyar da minti arba'in a yini, kuma na ɗauke ta fiye da sau ɗari. Na ce ƙarya ne. Ya ce, “Yaya, ita ba ta san kunya ba, abin da ta gani ta rubuta.” Ya yi mini bayanin da ya zauna mini. Shirin rediyo yana da ƙarshe, fim ma yana da ƙarshe, a ce sai mako mai zuwa ka tashi. Waɗannan gajerun bidiyo kuwa ba a yi musu gindi ba, kana turawa wani na hawowa, kuma na'urar tana lura da abin da ka daɗe a kansa ta ƙaro maka irinsa. Ni da na shiga da sunan duba sabon samfurin ɗinki, ta gane ina tsayawa a kan rikicin kishiyoyi da bidiyon kamu, sai ta yi ta ɗebo mini.

Amma abin da ya fi amfanata ba shi ya gaya mini ba, ni na kama kaina. Mako guda na yi ina lura da lokacin da hannuna ke tafiya wurin waya. Ba ya tafiya in ina tsakiyar ɗinkin da nake jin daɗinsa. In keke ya ɗauki kiɗa ko kira ba na so. Yana tafiya ne in na shimfiɗa yadi mai tsada zan sa almakashi. Yana tafiya in aka kawo samfurin da ban taɓa yi ba. Yana tafiya in idona ya faɗa kan bakkon da ke lungu, ko na tuna wadda na ce wa ta zo jibi alhali ko leda ban kwance ba. Sai in ji ƙirjina ya ɗaure, kafin in ankara wayar na hannuna. Wato ba daɗi nake nema a cikinta ba, maɓoya ce. In na fito daga maɓoyar in ga lokaci ya tafi, in hau kaina da zagi, ƙirjin ya ƙara ɗaurewa, in ƙara bukatar wurin ɓuya. Bulalar da nake ganin ita za ta kore ni daga waya, ita ke kora ni cikinta. Wata biyu ina zuba wa wuta kananzir ina mamakin abin da ya hana ta mutuwa.

A makarantarmu ta matan aure, a cikin kwanakin nan, malama ta kawo hadisin igiyar Nana Zainab. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shiga masallaci ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu. Ya tambaya, aka ce ta Zainab ce, in ta gaji da tsayuwar salla sai ta riƙe. Ya ce a kwance ta. Mutum ya yi salla gwargwadon kuzarinsa, in ya gaji ya zauna. Na sha jin hadisin nan, amma ranar sai na ga fitilar cajina rataye a ƙusa ƙarfe uku na dare. In nafila ma an ce a kwance igiya, ina ga leshin mutane?

Abin da na fara canzawa shi ne lokacin yanka. Yanzu ba na sa almakashi a kayan kowa sai da safe, daga bayan asuba zuwa kafin rana ta yi zafi, lokacin ido na garau, gari shiru. In dare ya yi, ko wuta ta zo ko ba ta zo ba, aikin da ake iya farkewa kaɗai nake taɓawa: kalmasa, sa zif, wibin, guga. Babbar waya tana kwana a uwar ɗaka, ba ta shigowa shago sai bayan azahar. Na sayi ƙarama mai tocila ta kira kawai. Awo kuwa duk wadda ta turo, a daren nake kwafe shi a littafi da sunanta da unguwarsu da ɗan ƙyallen kayanta manne a gefe, don kada neman lamba ya sake kai ni bakin rijiya. In rana ta take, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40 har ƙarfen keke ba ya taɓuwa, nakan rufe ƙofa in yi ƙailula ko ta rabin awa ce. Da ina ganin wannan asara ce. Sannan na bar yini guda a mako babu alkawarin kowa a cikinsa. Ba hutu ba ne, kusan kullum yana cikewa da zazzaɓin yaro, ko rasuwa, ko ranar da aka wuni babu wuta. Rara ce irin wadda nake bari a cikin kalmasa.

Duk waɗannan masu sauƙi ne in aka gwada su da cewa a'a.

Azumin 2025 ya kama ranar 1 ga Maris. Tun cikin Sha'aban na ɗinke na 'ya'yana na ninke a akwati, sannan na ja layi 40 a littafi, na ce in sun cika an rufe. Goma ga wata suka cika. Sha biyu ga wata sai ga ƙanwar maigidana da turmi uku a leda, ta ajiye a kan teburin yanka kamar yadda ta saba, tana cewa, “Anti, ga su nan, irin na bara za ki yi mini.” Bakina har ya buɗe zai ce ba komai. Na haɗiye. Na ce, “Wallahi littafi ya cika. In kin yarda bayan salla da kwana uku, zan yi miki. In na salla kike so, bari in haɗa ki da wata a Minannata, hannunta na da kyau.” Ta dube ni kamar na mare ta. Ta ce, “Ni ce za ki ce wa littafi?” Ta kwashi ledarta. Kafin magariba magana ta kai gidan surukai: na yi kuɗi, na fara wulaƙanta dangin miji. Maigida ya dawo ya ce, “Kala uku ce fa, ba za ki matsa ba?” Na ɗauko littafin na buɗe masa, na ce ya nuna mini wadda zan cire a cikin arba'in ɗin nan, in kira ta yanzu in gaya mata. Ya juya shafi biyu, ya rufe, ya ce zai yi wa Inna bayani. Wata biyu yarinyar nan ba ta taka gidana ba. Kwastomomi uku ma na rasa a shekarar, kuma kuɗin da ya shigo bai kai na bara ba, duk da na ɗan ƙara farashi. Sai dai ban biya leshin kowa ba, ban kuma ƙona fetur ina ɗinkin da zan farke da safe ba.

Wata ƙawata da na ba labarin nan ta taɓe baki ta ce wannan tausaya wa kai da ake ta yayi ai son jiki ne aka saka wa sabuwar riga. Na fahimce ta, don ni ma na ji tsoron haka: in na daina zagin kaina, me zai tashe ni? Amma na san su biyun yanzu, ba kamarsu ɗaya ba. Daren 20 ga azumin nan na zame. Wani biki aka yi ta yaɗawa, na ce minti goma, na kai ƙarfe biyu saura. Da safe kaina kamar an ɗora dutse. Son jiki cewa ya yi in koma in kwanta, gobe ma rana ce. Tsohuwar muryar kuma ta taso da kalmominta uku, tana so in rama da yanka kala huɗu a jere. Ban bi ko ɗaya ba. Na ce, to, an ɓata daren jiya, ya wuce. Yau hannun nan ba na yanka ba ne. Na wuni ina kalmasa da guga, na kira matar da ke jiran kayanta ranar na ce mata sai jibi, tun kafin ta ɓata kuɗin abin hawa. Ta ce ba komai. Yinin rara ya haɗiye ɓarnar. Da a da ne, kunyar daren nan kaɗai ta isa ta ci mini kwana uku.

Har yanzu wayar takan ci ni. Lissafinta ya sauko zuwa awa biyu da wani abu, wani makon ya koma uku. Kalmomin nan ma ba su bar bakina gaba ɗaya ba, sukan zo har kan harshe.

Ranar Asabar 29 ga Maris aka ga wata, fada ta ce salla Lahadi. Azumi 29, babu yinin kyauta. Yarinyata ta zabura ta dafe ƙirji, sabo da yi, sannan ta waiga lungu ta ga bakko a ninke. Kala biyu suka rage, su ma guga ce da maɓalli. Na bar mata su na shiga cikin gida aka kwaɓa lalle.

'Yar shekara bakwai ɗin, wadda yanzu ta kai takwas, tana zaune bakin ƙofa da ƙyallayen da ta tsinto a shago, wai ita ma sai ta yi wa 'yar tsanarta kayan salla. Ta ɗinke wuyan rigar da hannun wuri guda. Ta ɗaga ta ga kai ba zai shiga ba. Na ga hannun ya dunƙule ya nufi goshi, ya tsaya a hanya, ta saci kallona, sai ta buɗe yatsu ta sosa kai kamar dama abin da ta yi niyya ke nan. Na yi kamar ban gani ba. Hannuna ɗaya duk lalle, na sa ɗayan na laluba gwangwanin allurai na miƙa mata tsinken farke ɗinki.

“Daga nan za ki fara, zare ɗaya ɗaya. Kada ki ja, zai yage.”

Sai ga sallama daga zaure, yaro ne, wai an ce a ba da ɗinkin Hajiya. Na ɗaga murya na ce wa yarinyata ta duba littafi, layi na 38, shuɗiyar atamfa, kuma ta tabbata ɗankwalin na ciki kafin ta ɗaure ledar.